Kwamfutata tana saƙa tabarma a allo, a taimaka kafin Sallah

Sani Hoto, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da shan ruwa. Ina cikin damuwa, ga Sallah saura kwana 12. Kwamfutar tebur ta shagona, wadda nake haɗa bidiyon biki da katin gayyata da ita, tun ranar Asabar ta tsiro da wani hali. Ina cikin aiki sai allo ya cika da 'yan ɗigo-ɗigo masu kusurwa huɗu, kore da ruwan hoda, a jere kamar saƙar tabarma. Sai ya yi baƙi na ɗan lokaci, sai ya dawo. Jiya kuwa da ya ɗauke bai dawo ba. Ina jin sautin bidiyon yana fita a sifika, fanka tana ƙara, amma allo duhu. In na kashe na kunna, wani lokaci ya zo da tabarmar, wani lokaci ba komai. Aikin mutum huɗu ne a ciki, ɗaya har ya biya ni cif. Wa ya taɓa ganin irin wannan?

Ɗanladi, Kusiri:
Wa alaikumus salam. Bairos ne wannan. Ka yi mata wanki gaba ɗaya ka sa sabon Windows, an gama.

Hadiza, Ngaundere:
Yaya Sani, don Allah kada ka goge komai. Mutum ya ce aikin jama'a na ciki, kai kuma Ɗanladi ka ce ya wanke? Kafin kowa ya ba da magani a fara sanin mara lafiyar. Wace irin kwamfuta ce? Wane furosesa, wane katin hoto, kuma da wace waya ka haɗa ta da allo?

Sani Hoto, Garwa:
Na gode ƙanwata. Haɗin hannu ce, na saye ta gwanjo shekara uku da suka wuce, daga Duwala aka hauro da ita. Core i5-4570, ram giga 16, katin hoto GTX 1060 mai giga 6. Allon tsoho ne, mai shuɗiyar wayar nan ta VGA. Akwai wani ɗan ƙaramin abu baƙi da ke tsakanin wayar da kwamfutar, mai sayarwar ne ya haɗo min da shi.

Abakar, Njamena:
Wannan ɗan baƙin abin shi ne na fara zargi. Katunan jerin 1000 ɗin nan, irin su 1050 da 1060, ba sa fitar da siginar VGA kwata-kwata, ramin DVI ɗinsu ma na dijital ne zalla. Shi ya sa aka ba ka mai juyawa daga HDMI zuwa VGA. A cikinsa akwai ɗan guntun cif, yana zafi, kuma na araha ba sa daɗewa. Nawa biyu suka mutu a ofis bara. Ka ari talabijin mai HDMI, ka haɗa kai tsaye ba tare da shi ba, ka ga abin da zai faru. Abin dubu biyu ko uku kada ya sa ka kashe dubu hamsin.

Malam Buba mai gyara, Marwa:
Ku daina wahalar da yaro. Kore da ruwan hoda a jere, kati ne ya saki dalma. Shekarata 19 ina wannan aiki a Domayo. Sani, ka cire katin ka aiko min ta ajans, wato kamfanin motocin safara, in gasa maka shi, washegari ya dawo hannunka.

Hadiza, Ngaundere:
Baba Buba, Allah ya ƙara girma, ni ma zuciyata ta fi karkata ga katin. Amma a bar shi ya tabbatar tukuna, tunda gwajin ba ya cin ko sisi. Yaya Sani, ga abin da za ka yi da safe. Kunna allon shi kaɗai, ka zare wayarsa daga kwamfuta. Zai rubuta maka "Aucun signal" ko makamancinsa. Ka danna maɓallin menu na jikin allon. In rubutun ya fito tas babu ɗigo, allonka lafiya lau. Daga nan ka duba kan shuɗiyar wayar, haƙora 15 ne a ciki, ka ga ko wani ya lanƙwashe. Amma fa wayar VGA in ta samu matsala yawanci launi ɗaya take zubarwa, hoto ya koma rawaya-rawaya ko shuɗi-shuɗi, ko ya riƙa rawa. Ba ta iya zana murabba'ai a jere.

Babban gwajin shi ne wannan: kana kunnawa, tun kafin tambarin Windows ya fito, ka riƙa danna maɓallin Suppr (Delete) ko F2 ka shiga BIOS, shafin saitin kwamfutar da ke zuwa kafin Windows. Ka zauna a nan minti biyar kana kallo. A cikin BIOS babu Windows, babu direba, wato manhajar da ke tafiyar da kati, babu bairos ɗin Ɗanladi. In tabarmar ta biyo ka har can, to ƙarfe ne ba manhaja ba.

Ɗanladi, Kusiri:
Bairos ɗina kuma? Ni na haife shi?

Alhaji Umaru, Garwa:
Sani, aikin walimar ɗana na cikin huɗun nan, ko? Ina karantawa fa.

Sani Hoto, Garwa:
Ranka ya daɗe Alhaji, naka ne ma na farko a layi. In sha Allahu ba abin da zai same shi.

Hadiza, Ngaundere:
Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Bidiyo a faifan ajiya yake zaune, ba a katin hoto ba. Katin aikinsa kawai ya zana abin da za a gani. Ko ya ƙone ƙurmus, walimar tana nan.

Alhaji Umaru, Garwa:
Madalla 'yata. Allah ya yi albarka.

Sani Hoto, Garwa:
Barkanmu da safiya. Na yi duk abin da aka ce. Allo shi kaɗai tas yake, haƙoran waya ba wanda ya lanƙwashe. Na ɗauko talabijin ɗin maƙwabcina mai aski, na haɗa da HDMI kai tsaye: tabarma ta fito, ta ma fi kyau saboda talabijin ɗin babba ce. Na shiga BIOS, nan ma akwai, amma kaɗan, layuka ne a tsaye masu ɗigo ja-ja, kusan shida, tazararsu ɗaya. Da na bari ta shiga Windows, rubutu ya yi manya-manya kamar na 'yan aji ɗaya. Na buɗe Gestionnaire de périphériques, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, kamar yadda wani ya turo min a gefe, akwai alamar rawaya a kan sunan katin, an rubuta Code 43.

Abakar, Njamena:
To na janye zargina, ɗan baƙin abu ya kuɓuta. Code 43 ma'anarsa Windows ya dakatar da na'urar don ta ba da rahoton matsala. Shi kaɗai ba hujja ba ne, direba mara kyau ma yana jawo shi, a nan ne ake shiga mode sans échec, wato a tayar da Windows da 'yan abubuwan dole kawai, a share tsohon direba da manhajar DDU a sa sabo. Amma Code 43 ga kuma layuka a BIOS, wannan magana ta ƙare.

Malam Buba mai gyara, Marwa:
Me na ce tun jiya?

Hadiza, Ngaundere:
Ka faɗa Baba, ba mu musa ba. Yaya Sani, yanzu abin da ya fi gaggawa shi ne ka koma aiki yau ɗin nan, kuma za ka iya. Furosesanka yana da nasa mai zana hoto a ciki, HD 4600. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita. Buɗe murfi. Cire wayar wuta mai rami 6 da ke shiga katin, kwance sukurun da ya riƙe shi a baya. A ƙarshen dogon ramin da yake zaune akwai ɗan harshen roba, ka danna shi kafin ka ja. Kada ka fizga, na ga wanda ya taso da ramin gaba ɗaya daga jikin katmer.

Musa, Mubi:
Ku yi haƙuri, mene ne katmer? Mu nan ƙetare ba mu san shi ba.

Abakar, Njamena:
Madabod ɗinku ne, Musa. Babban falan da komai ke zaune a kai. Alim kuma in ka ji mun ce, akwatin da ke raba wuta ne.

Sani Hoto, Garwa:
Innalillahi. Na cire katin, na rufe, na kunna, yanzu ba komai kwata-kwata. Ko tabarmar ma babu. Na ƙarasa ta ke nan?

Hadiza, Ngaundere:
Ina ka soka wayar allon?

Sani Hoto, Garwa:
Kai. Tana nan a ƙasa a yashe tare da ɗan baƙin abin. Azumi ne, ku yafe ni.

Hadiza, Ngaundere:
Cire ta daga jikinsa, ka duba sama kusa da ramukan USB, za ka ga shuɗin rami na VGA. Can za ta shiga kai tsaye.

Sani Hoto, Garwa:
Alhamdu lillahi! Hoto ya fito fes, ba ɗigo ko ɗaya. Fayilolin nan duk suna nan. Hadiza, Allah ya ba ki miji nagari in ba ki yi ba, in kin yi Allah ya bar ku tare.

Amma ku ga abin da na gani a jikin katin. Fanka biyu gare shi. Ta dama da na taɓa ta da yatsa tana juyawa sumul. Ta hagu kuwa a ƙage take, sai na matsa da ƙarfi take motsi, tana wani ƙiƙi-ƙiƙi. Da na haska tocila tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke ƙasanta, ƙura ce ta daskare ja-wur, ta zama kamar bargo. Na sa tsinken sakace na zaro wani dunƙule mai tsawon ɗan yatsa, har da gashi a ciki, ina jin daga shagon mai askin nan iska ke kawowa.

Malam Buba mai gyara, Marwa:
Yaushe rabonka da buɗe ta?

Sani Hoto, Garwa:
Malam, gaskiya tun da na saya.

Malam Buba mai gyara, Marwa:
Hunturu uku ke nan ta shanye, a shagon da ke bakin titi a Yelwa. Kai ma in aka toshe maka hanci da auduga aka ce ka yi gudu a ranar Garwa ta watan Maris, za ka ga kore da ruwan hoda.

Abakar, Njamena:
Wannan ita ce gaskiyar da mutanenmu ba sa so su ji. Waɗannan katunan an auna su ne a ɗaki mai sanyi. Mu nan da Garwa da Marwa, a Maris da Afrilu inuwa ma tana wuce digiri 40, balle shago mai rufin kwano da rana tsaka. Katin 1060 in cif ɗinsa ya kai wajen digiri 83 yana rage gudu da kansa don ya huce. Amma ƙwayoyin memori da ke kewaye da shi, guda shida ne a irin naka, su da na'urorin daidaita wuta, in fankar da ke kansu ta tsaya, gasuwa kawai suke yi shiru. Haɗa bidiyo kuma awa biyu ne uku kati yana aiki ba hutu. Layukan nan masu tazara ɗaya da ka gani a BIOS sun fi kama da memori, ƙwaya ɗaya ta lalace ko ta saki ƙafa, duk abin da ya bi ta cikinta ya fito a gurɓace.

Maman Ikram, Garwa:
Ni dai karatu nake. Tawa kwamfutar a ƙasan tebur take, kuma kullum sai an yi shara. Na shiga uku ke nan?

Hadiza, Ngaundere:
Anti, ki ɗaga ta daga ƙasa ko a kan benci ne, kuma a riƙa yayyafa ruwa kafin shara. Duk wata biyu ko uku a fitar da ita waje a hure ta da bulowa, musamman bayan hunturu. Mai hurawa ya riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. In kina so ki san zafinta, akwai manhajojin HWMonitor da GPU-Z, kyauta ne.

Sani Hoto, Garwa:
To yanzu in na share ƙurar na gyara fankar, ba zai tashi ba?

Hadiza, Ngaundere:
Gwadawa ba laifi. Share shi, goge haƙoransa na zinariya da tsumma mai tsabta da ɗan alkol, mayar da shi ya zauna daram. Wani lokaci rashin zama da kyau ne kawai. Amma ka lura, layukan suna fitowa ne tun kwamfuta na sanyi, daƙiƙar farko. Abin da zafi na yanzu ke jawowa sai an ɗan jima ana aiki yake bayyana. Wanda ke nan tun daga kunnawa ɓarna ce da ta riga ta auku. In akwai wanda zai ba ka aron kwamfutarsa ka gwada katin a ciki, shi ne zai raba gardama.

Sani Hoto, Garwa:
Bayan tarawihi na kai shi wurin wani abokina mai sibar, wato shagon intanet. Na share shi tas, mun sa a tasa. Layuka shida, wuri ɗaya, launi ɗaya. Katin ne.

Malam Buba mai gyara, Marwa:
To sai a dawo kan maganata. Aiko shi. Dubu biyar ne, in bai tashi ba kada ka ba ni ko dala.

Abakar, Njamena:
Malam Buba, da girmanka, amma gashin nan ba gyara ba ne, jinkirta jana'iza ne. Bari in faɗi dalili don masu karatu. A ƙarƙashin cif akwai ɗaruruwan 'yan ƙwallayen dalma da suka haɗa shi da falan katin. Tun 2006 da dokar Turai ta hana gubar dalma a kayan lantarki, wadda ake amfani da ita sai wajen digiri 217 take narkewa, ta da kuwa 183. Mai gashi yana hura zafi yana fatan wanda ya tsage ya sake kamawa. Matsalar ita ce sau da yawa tsagewar ba a nan take ba, tana can ciki tsakanin ƙwayar silikon da ɗan falanta, inda iskar zafi ba ta gyara komai. Zafin yana sa abubuwa su kumbura su taɓa juna, kati ya tashi, kowa ya yi murna. Bayan ya yi zafi ya huce sau talatin, ya koma gidan jiya. In kuma ƙwayar memori ce ta mutu, ko a tanderun burodi ka sa shi ba za ta farfaɗo ba, sai dai a cire ta a dasa wata.

Malam Buba mai gyara, Marwa:
Abakar, kai injiniya ne na takarda, ni na hannu ne. Akwai katin da na gasa shekara biyu ke nan yana aiki a wani shagon buga takardu a nan Marwa. Mai shi yana gaishe ni duk Juma'a.

Abakar, Njamena:
Ban ƙaryata ka ba. Amma cikin goma da ka gasa, nawa ne suka dawo?

Malam Buba mai gyara, Marwa:
Waɗanda suka dawo sun dawo. Ba na ɓoye wa kowa, ina gaya musu sa'a ce. Amma ka sa kanka a matsayin mutumin da ba shi da dubu sittin yau, kuma kati ya riga ya mutu. Me zai yi asara? Wata uku da zai samu, a cikinsu zai tara kuɗin wani. Ku masu albashi ba ku san wannan lissafin ba. Kuma ni ba da na'urar busar da gashi nake yi ba kamar yaran yanzu. Ina cire robobi, in rufe kondensa da takardar alminiyom, in sa fulas, man da ke taimaka wa dalma ta kama, in ɗaga zafi a hankali, in bar shi ya huce da kansa ba mai taɓawa.

Hadiza, Ngaundere:
A nan kam ina bayan Baba Buba rabi. Mataccen kati ba ya tsoron wuƙa. Inda nake da ja shi ne masu gasawa su kai kasuwa su sayar a matsayin lafiyayye. Wannan cin amana ne, kuma ya cika kasuwar gwanjo. Yaya Sani, wa ya sani ma ko naka an taɓa gasa shi kafin ya iso Garwa? Duba bayan falan, daidai ƙarƙashin cif. In wurin ya yi launin shayi, ko akwai wani danƙo-danƙo da ya bushe, ko lambobin takarda sun yi baƙi sun naɗe, an taɓa shi.

Malam Buba mai gyara, Marwa:
Wannan ba na yi, 'yata, kuma duk yaron da na koya wa aiki ya sani.

Sani Hoto, Garwa:
Na duba, bayan yana da ɗan duhu kaɗan amma ba danƙo. Wata magana kuma: wani a babbar kasuwa ya ce yana da RX 580 mai giga 8, zai bar min a dubu 55, ya ce ya fi nawa ƙarfi. In karɓa?

Abakar, Njamena:
Dakata. Kafin ka sa wani kati a cikin akwatin nan, ɗauko min hoton takardar da ke manne a jikin alim ɗinka. Tun jiya nake son in tambaya.

Sani Hoto, Garwa:
Ga shi. An rubuta 500W da manyan baƙi.

Abakar, Njamena:
Bar manyan baƙi, dubi ƙananan. A ƙarƙashin +12V an rubuta 14A. Lissafin ba wuya: 12 sau 14, wat 168 ke nan. Furosesa da katin hoto duk daga layin 12 ɗin nan suke sha. Furosesanka wat 84 ne, katinka 120. Ka haɗa, 204, ban sa faifai da fankoki ba. Wato shekara uku alim ɗin nan yana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa duk lokacin da kake fitar da bidiyo. Kuma a hoton na hango wayar mai rami 6 ba daga cikinsa ta fito ba, jona ta aka yi da fararen kawunan nan na tsofaffin faifai. Alim ɗin kirki mai wat 500 zai ba ka kusan amfiya 40 a layin 12, kuma da wayar kati tasa ta kansa. Ɗaga shi ma ka ji, irin wannan ba shi da nauyi, kamar gwangwanin madara.

RX 580 kuwa wat 185 yake ci, da waya mai rami 8. Ka sa shi a kan wannan alim ɗin, ko dai kwamfuta ta riƙa mutuwa tsakiyar aiki, ko wata rana ka ji ƙauri.

Sani Hoto, Garwa:
To ashe ba ƙura ba ce ta kashe shi?

Abakar, Njamena:
Ba wanda zai iya rantsuwa. Ƙura da matacciyar fanka sun isa su kashe shi su kaɗai. Wuta mara tsabta ma ta isa. Naka ya haɗa duka biyun, ga kuma yadda wuta ke yi mana a rani, in ruwan madatsar Lagdo mai ba ku wuta ya ja baya ku ma kuna shan ɗauke-ɗauke, ta tafi ta dawo da ƙarfi. Kana da regilata mai daidaita wuta, ko ondila mai batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta?

Sani Hoto, Garwa:
Akwai ondila amma batirinsa ya mutu tun bara, ya zama abin jona waya kawai.

Hadiza, Ngaundere:
In kana da mita, auna ka gani da idonka. Baƙin tsinke a baƙar waya, ja a rawayar waya, a ɗaya daga fararen kawunan, kwamfuta na kunne tana aiki. Ƙa'ida ita ce kada ya sauka ƙasa da 11.4 ko ya haura 12.6. Amma ka ji ni da kyau, kada ka kwance murfin alim ɗin kansa. Manyan kondensan ciki suna riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an zare daga bango.

Game da RX 580 kuma, kati ne mai kyau, tun 2017 yake. Sai dai shi da irin naka suna cikin waɗanda aka fi amfani da su wajen haƙar kuɗin intanet, dare da rana ba kashewa. Da Ethereum ya daina haƙa da kati a Satumban 2022 aka juye su kasuwa buhu-buhu. Ba duka ne marasa kyau ba, amma ba a saya a leda. Mai sayarwa ya sa shi a kwamfuta a gabanka, a kunna FurMark, manhajar da ke sa kati aiki tuƙuru don gwaji, minti 20, kana kallon zafi da fankoki biyun da allon. In ya ce ba lokaci, kai ma ba kuɗi.

Musa, Mubi:
A nan ma haka suke. Wani har da sabon kwali zai ba ka, ciki kuwa tsohon soja ne.

Ɗanladi, Kusiri:
Ni fa har yanzu da an yi mata wankin nan da an huta.

Maman Ikram, Garwa:
Ɗanladi, Allah ya shirye ka.

Sani Hoto, Garwa:
Na ari mita wurin mai gyaran rediyo. Ba kati a ciki, tana zaune, 11.9. Da na sa ta fitar da bidiyo ya sauka 11.6. Wannan fa ba kati a ciki ke nan.

Abakar, Njamena:
To ka ƙiyasta da kati mai wat 120 a kai. Ga shawarata, in dubu 55 ɗin ce duk abin da ke hannunka: fara da alim mai kyau da batirin ondila. Kati ya jira bayan Sallah. In ka tashi saye kuma ba ka son ciwon kai, GTX 1050 Ti wat 75 kawai yake ci, yawancinsu ba sa neman ƙarin waya, daga ramin katmer suke sha. Bai kai naka ƙarfi ba, amma ga katin gayyata da bidiyon biki ya wadatar.

Sani Hoto, Garwa:
Amma zan iya gama aikin mutane da na cikin furosesa? Na ga yana ɗan jan ƙafa in ina duba bidiyon.

Hadiza, Ngaundere:
Za ka iya. Rage ingancin hoton dubawa zuwa rabi ko kwata, ba ya taɓa ingancin abin da zai fita a ƙarshe. Wajen fitarwa ka zaɓi H.264, in manhajarka ta ba da zaɓin Quick Sync ka kunna, HD 4600 yana da shi kuma yana da sauri. Ka bar fitarwa sai bayan sahur, lokacin gari ya yi sanyi. Kuma yau ɗin nan, kafin komai, kwafe aikin mutanen nan huɗu a wani faifai na waje.

Alhaji Umaru, Garwa:
Wannan ta ƙarshen ita ce magana. Sani, ka zo gida ka karɓi faifai, akwai wanda ba na amfani da shi.

Sani Hoto, Garwa:
Godiya nake ranka ya daɗe, ina nan tafe bayan la'asar. Malam Buba, katin kuma zan ba ajans gobe, tunda ba abin da zai ƙara lalacewa. A gwada sa'ar.

Malam Buba mai gyara, Marwa:
Naɗe shi da kwali, kada ka sa a leda shi kaɗai, yaran ajans jifa suke. Ka rubuta lambata a jiki.

Sani Hoto, Garwa:
Jama'a barkanmu da Sallah, an sha hidima shi ya sa kuka ji ni shiru. Aiki huɗu duk na miƙa kafin jajibiri, da na cikin furosesa na yi su, na Alhaji ya ci awa ɗaya da minti 40 wajen fita. Na sayi alim, wannan da ka ɗaga ka san ka ɗaga abu, a takardarsa 12V 38A. Katin ya dawo daga Marwa da sabuwar fanka, na sa, layuka sun ɓace, Code 43 ya tafi. Kwana 11 yana aiki kamar sabo. Shekaranjiya ina tsakiyar haɗa bidiyon hawan Sallah, tabarma ta dawo. Na cire shi na mayar da waya sama.

Abakar, Njamena:
Ban ce komai ba.

Malam Buba mai gyara, Marwa:
Gara da ba ka ce ba. Sani, memori ce ke nan, ta fi ƙarfin wuta. Dubu biyar ɗinka tana nan, ka turo lambar da zan mayar maka, kuɗin fanka kawai zan cire. Katin kuma kada ka jefar. In wani zai zo Marwa ka ba shi ya kawo min, fankokin nan biyu da ƙarfen sanyayawar ina da inda za su shiga.